Hannun Inna yana fizga a cikin salla: shin sallarta ta ɓaci?

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Garwa nake rubuto maka. Innata ta haura shekara 60, tana da ciwon suga. Sati biyu ke nan hannunta na dama da ƙafar wannan ɓarin suna fizga da kansu, kamar mai korar ƙuda, har ludayin koko yakan suɓuce mata. In ta yi barci sai abin ya lafa. Ta daina salla, tana kuka wai motsin ya yi yawa, ba za a karɓa ba. Dangi sun ce iska ce, ana ta ba ta rubutu da zuma. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yata, Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ki gaya mata yau, kafin wani lokacin ya fita: sallarta ta inganta. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya aiki mai yawa yana ɓata salla, amma ana nufin aikin da ya fito daga mai sallar. Hannun da ke tashi ba da izininta ba hukuncinsa ɗaya da makyarkyatar mai zazzaɓi, ba a jingina mata shi. Babu ƙabli, babu ba'adi a kansa. Allah Ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 286, ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Kuma a hadisin Bukhari, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. To ta tsaya in za ta iya, ko ta jingina da bango. In ƙafar na neman kayar da ita, ta zauna. Ki riƙa zuba mata ruwan alwala. In loma ta ƙi kaiwa baki da dama, ta ci da hagu, ba laifi. Sallolin sati biyun nan kuwa ta rama su gwargwadon ƙarfinta, tunda hankalinta bai gushe ba.

Batun iska ne ya fi tsaya mini a rai. Ba na musun aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma siffar da kika kawo likitoci sun san ta tun 1960: suga in ya daɗe a sama yakan taɓa wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi, sai ɓarin jiki ɗaya ya kama fizga, ya kwanta in an yi barci. An fi ganinsa ga tsofaffi, musamman mata, wani ma ta nan ake fara gane yana da ciwon. Galibi in aka sauko da sugan, sau da yawa da allurar insulin, motsin yakan ragu cikin kwanaki ko makonni. Wasu sai an ƙara musu da maganin tsayar da fizgar.

Kin ga ke nan zumar da ake ɗura mata da kyakkyawar niyya ita ke ƙara wa wutar itace. Ayar Suratun Nahli ta ce a cikin zuma akwai waraka ga mutane, ba ta ce kowane majinyaci ya sha ta a kowane hali ba. Ga wadda suganta ya hau, cuta ce, kuma ƙa'idar shari'a ita ce ba a cutarwa. A dakatar da ita, tare da shayi mai suga da zoɓon da aka zaƙaƙa. Addu'a da ruƙiyya kam ku ci gaba, ki tofa mata Fatiha da Falaƙi da Nasi da bakinki.

Ni ba likita ba ne, kuma shanyewar ɓarin jiki ma takan zo da kama da wannan. Don haka a ganina kai ta asibiti wajibi ne a kanku, kada ya wuce yau. A auna jininta: ma'aunin da ake fara kiran mutum mai ciwon suga shi ne giram 1.26 na suga a litar jini, in bai ci komai ba. Ki tafi da duk ƙwayoyin da take sha, ki faɗa wa likita ranar da fizgar ta fara. Azumin nafila ta ajiye shi. Na Ramadan kuma, in likita amintacce ya ce zai yi mata mummunar illa, shan ruwa ya zama dole a kanta, ta rama in ta samu sauƙi.

Allah ne Mafi sani.