Malamar makaranta zata kai ɗalibai Badagry, ya hukuncin shiga tsofaffin coci?

Tambaya: Salamu alaikum Allah gafarta Malam. Ni malamar tarihi ce a wata sakandare nan Tudun Wada Kaduna, makarantarmu ta shirya kai yara yawon buɗe ido Badagry ta jihar Legas, kuma cikin wuraren da za'a je harda tsohon benen 'yan mishan da tsofaffin coci. Wasu iyaye sunce haramun ne, wai za'a ɓata musu imanin yara. Dan Allah Malam a warware mana.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin a hau mota.

Ki fara sanin ba duk ginin da za'a nuna muku bane coci. Badagry gari ne na bakin teku kusa da iyakar Benin, an daɗe ana cinikin bayi ta nan, kuma nan ne Thomas Birch Freeman yayi wa'azin Kiristanci a 1842. Benen da aka gama a 1845, wanda ake cewa shine bene na farko a Najeriya, gidan zaman 'yan mishan ne, a ciki ake nuna inda Samuel Ajayi Crowther yayi aikin fassara Baibul zuwa Yarbanci. Gida ne ya koma wurin ajiye kayan tarihi, shigarsa halal ne ba wata magana. Haka kurkukun bayi na Seriki Abass da hanyar Gberefu da ake bi da bayi zuwa jirgin ruwa, wlh wannan ni har so nake yaranmu su gani, su ga sarƙoƙin da aka ɗaure 'yan Adam dasu da idonsu, Allah da kansa yace ku yi tafiya a ban ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

Cocin da har yanzu ake ibada a ciki kuwa malamai sun saɓa. Hanafawa sun karhanta shiga, wasu Shafi'awa sun hana idan akwai hotuna da gumaka, Hanbalawa da yawa sun halatta. Masu tsanantawa suna kafa hujja da maganar Sayyidina Umar da Bukhari ya kawo, cewa mu bama shiga cocinku saboda siffofin dake ciki. To amma a Bukharin dai da Muslim, Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba Annabi (SAW) labarin wata coci da suka gani a Habasha har suka siffanta hotunan cikinta, Annabi ya zargi masu gina wurin ibada akan kabari da yin siffofin, bai ce musu meya kaiku ba. Wannan ne yasa abinda na rinjayar shine shiga don ganin gini da koyon tarihi ya halatta, wanda zuciyarsa bata kwanta ba ya tsaya daga waje, kuma kar a tilasta wa yaro ko a rage masa maki.

Amma fa akwai iyaka. Kar ku shiga lokacin da suke ibada, ranar Lahadi ko ana bikin Kirsimeti, ba durƙuso gaban gicciye ba shafa gini, in jagoran yawo yace a rufe ido ayi addu'a ku ja yaranku gefe cikin ladabi. Akwai wata rijiya a harabar benen nan da ake kira rijiyar mu'ujiza, mutane na ɗiban ruwan a gora don neman waraka, wannan kam kar yaro ko ɗaya ya ɗiba da wannan niyya, nan ne tauhidi yake shiga haɗari, yafi min tsoro akan shiga cocin kanta. Sallah kuma ku nemi masallaci, akwai Musulmi sosai a Badagry, shi Seriki Abass ɗin ma Musulmi ne. Duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, yasan coci na cikin wuraren da aka hana sallah a ciki. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, salloli masu raka'a huɗu kuyi su raka'a bibbiyu.

Sannan ki ja kunnen yaran sosai, ba dariya ba izgili ba ɗaukar bidiyo ana habaici a saka a TikTok. Suratul An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abinda wasu ke bautawa, Suratul Hajji aya ta 40 ta ambaci coci tare da masallatai cikin wuraren da da Allah baya tunkuɗe wasu da wasu da an rusa su. Mu 'yan Kaduna mun ga rikicin addinin da ya faru a 2000, munsan inda ƙaramar magana take kai gari.

Iyayen nan kuma kar ki ga laifinsu, kishin addini ne, ki tara su ki nuna musu jerin wuraren, wanda yaƙi a bar masa ɗansa. 'Yan mata balagaggu a duba maganar muharrami kafin tafiya mai nisa haka. Kuma in kun dawo ki kai su Zariya su ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, motar safe ce ku dawo da la'asar.

Wallahu a'alam.