Tambayi Likita: Fotasiyam da katangar ƙwaƙwalwa

Tambaya: Likita, mahaifina yana fama da ciwon ƙoda. An ce sinadarin fotasiyam na jininsa ya kai 6.5, aka kwantar da shi ana ta duba zuciyarsa. Me ya sa zuciya ake ji wa tsoro, ba ƙwaƙwalwa ba?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. A jinin mai lafiya fotasiyam yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5.0, don haka 6.5 ba abin wasa ba ne. Zuciya, duk abin da jini ya kawo mata shi take sha, nan da nan bugunta ya rikice. Ƙwaƙwalwa kuwa tana da katanga. Ƙananan hanyoyin jinin da suka ratsa ta sun fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma ƙwayoyin bangonsu a manne suke gam, babu kafar yoyo. A gefen da ke kallon ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan famfo, duk juyi ɗaya ya zuƙe fotasiyam biyu ya tura sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) uku. Shi ya sa ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake zama wajen 3, ko da na jini ya hau. Sai ka ga majinyaci zaune yana hira garau, alhali takardar gwajin zuciya ta riga ta nuna haɗari.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Shan ƙwayar fotasiyam zai ƙara mini kaifin haddace karatu?

Amsa: A'a, 'yata. Katangar ba za ta bar shi ya taru can ba, zuciyarki kawai za ki jefa cikin hatsari. Kada ki sha sai likita ya rubuta.

Tambaya: Wai gaskiya ne jini yana ƙaruwa a sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki? Wa yake sanar da shi?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma wannan tambaya ta burge ni. Duk lokacin da ƙwayar ƙwaƙwalwa ta aika saƙo, takan fesar da ɗan fotasiyam waje. A 2017 masu bincike a Jami'ar Vermont ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙananan hanyoyin jinin suna jin wannan ƙari, sai su miƙa saƙo baya zuwa jijiyar da ke ba su jini, ita kuma ta buɗe. Amma idan jini ya yanke, kamar a shanyewar ɓarin jiki, famfunan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan tsaya don rashin makamashi, fotasiyam ya malalo ya ninka fiye da sau goma cikin 'yan mintoci. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti, kada a jira gari ya waye.