Katin A501 na Amiga 500: batir ya zuba, ko zai gyaru?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Na gaji wata tsohuwar kwamfuta Amiga 500 daga kawuna, shi ya zo da ita daga Ingila tun lokacin da ya yi karatu. Tana tashi, amma in katin ƙarin memori na ƙasan nan yana ciki sai ta dinga maƙalewa tana nuna saƙon kuskuren nan na Guru Meditation, in na cire shi kuma lafiya lau. Agogonta ma baya riƙe lokaci. Na ga wani koren abu kamar gansakuka a gefen ƙarfen katin. Zai gyaru ko in jefar? Kuma wai gaskiya ne ana iya maida shi chip RAM?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dan Allah kar ka jefar, kuma kar ka sake maida shi cikin kwamfutar sai ka yi abin da zan faɗa maka. Katin nan shi ne A501, Commodore suka fitar da shi tare da Amiga 500 a 1987, yana ƙara 512KB a kan 512KB ɗin da ke cikin injin sai ya zama 1MB, kuma akwai agogo a kai. To agogon nan ne ya jawo duk matsalar, domin sun liƙa masa batir na Varta mai kamar ƙaramar ganga, 3.6V, irin wanda ake caji, suka kuma rufe katin ruf da gwangwani aka bi da dalma. Batirin da ya kamata a canza bayan 'yan shekaru ga shi yanzu ya kusa shekara 40 a ciki, babu wanda yake ganinsa, yana ta zuba yana cin bod.

Wannan koren da ka gani tagullar layukan bod ɗin ce ta ruɓe. Mutane da yawa suna cewa acid ne, ba acid bane, ruwan batirin dangin ruwan toka ne, kuma in dai yana nan to ci yake yi ko da wuta ko babu, musamman da damina in ɗaki ya yi laima. Shi ya sa aikin farko shi ne buɗe gwangwanin. Ka sa ayan na narka dalma mai zafi sosai, ƙarfen yana shanye zafi, ka narkar da dalmar wuri-wuri kana ɗagawa a hankali, kar ka banƙara da sukundireba ka tsaga bod. Batirin kuma yanke ƙafafunsa za ka yi da kata tukuna, daga baya ka cire guntayen, don dalmar da ta sha ruwan batir bata son narkewa kuma hayaƙinta ba kyau, ka yi a waje mai iska.

Daga nan sai wanki. Farin binega da tsohon buroshin haƙori, ka shafa duk inda kore ko fari ya taɓa, za ka ga yana ɗan kumfa, ka bar shi minti kaɗan, ka ɗauraye, sannan ka bi da sifirit mai ƙarfi irin na isopropyl. Kar ka bar binegar ta kwana a kai, ita ma cin tagulla take. Ka bar shi ya bushe ƙarau, ni kwana ɗaya nake ba shi.

Inda aikin yake da cin rai shi ne bin layuka da mitar gwajin lantarki. Ka sa ta a wurin da take ƙara in waya ta haɗu, ka bi kowane layi da ya wuce kusa da batirin daga farkonsa har ƙarshensa, wallahi wani layin a ido lafiyarsa ƙalau amma a ƙarƙashin koren fentin ya riga ya yanke, musamman a 'yan ramukan nan da ke haɗa sama da ƙasan bod. Duk wanda ya yanke sai ka kankare fentin kaɗan ka yi masa gada da siririyar waya. Ka duba ƙafafun cif ɗin agogo, OKI M6242 ne, da kiristal ɗinsa na 32.768kHz, su ne maƙwabtan batirin don haka su suka fi shan wuya. Sannan soket mai rami 56 da ke shiga injin, da fil-fil ɗin da ke jikin Amigar kanta, in kore ya hau can to can ma sai an wanke. Cif-cif ɗin memori kuma tsofaffin katuna guda 16 ne na 41256, na baya-baya guda 4 ne na 44256. Kar ka fara cire su da zato. Ka samu manhajar gwaji ta Amiga Test Kit, kyauta ce, ka gwada memorin, za ta nuna maka wane bit ne, wato wane layin data, ke kuskure sai ka san wanda za ka canza, kuma in ka cire ka sa soket.

Batun sabon batir, ni dai bana maida mai caji, don nan da wasu shekaru labarin zai maimaita kansa. Batir CR2032 mai kamar kwabo nake sawa da mazauninsa, amma dole sai da diyod, saboda katin yana tura wuta don caji kuma CR2032 ba a cajinsa, zai iya kumbura ko ya fashe. Diyod ɗin a ƙafar fulos, gefen da ke da zobe ya kalli bod, 1N4148 ya isa, BAT85 ya fi don bai cika rage wuta ba. Bayan nan ka saita lokaci a Workbench, wato babbar manhajar Amigar, ka buga umarnin SetClock save, in ta ce bata ga agogo ba gwada SetClock reset tukuna.

Maganar chip RAM kuwa, wato memorin da cif ɗin hoto da sauti ke kaiwa gare shi, gaskiya ce, amma ba a katin ake aikin ba, a uwar bod ne. Yadda yake yanzu memorin katin slow RAM ne, furosesa na amfani da shi amma cif ɗin hoto da sauti basa kaiwa gare shi. In bod ɗinka samfurin Rev 6A ne mai Agnus 8372A, wato cif ɗin da ke kula da chip RAM, ana sauya mahaɗin JP2 na jikin bod a yanke na JP7A sai duka 1MB ya koma chip RAM. In tsohon Agnus 8371 ne ba zai yi ba sai an canza shi. Ni shawarata kar ka taɓa wannan yanzu, yawancin wasannin lokacin da 512KB chip da 512KB slow aka gwada su, wasu ma damewa suke in an sauya. Ka gyara katin, ya ci gwajin memori na awa guda ba kuskure, sannan ka buɗe injin ka turo min lambar Rev da ke jikin bod da lambar da ke kan Agnus mu ga abin da zai yiwu.