Baturen 'yan sanda baƙi wuluk: wane ne Bature?

Wani mai karatu da ke sana'ar shanu a Agege ya aiko da tambaya: "Malam, me ya sa muke kiran DPO Baturen 'yan sanda, alhali Bayarbe ne baƙi wuluk? Ba kuskure ba ne?"

Ɗan'uwa, babu kuskure a ciki. Tun asali kalmar ba ta tsaya ga launin fata kaɗai ba. A cikin birnin Kano akwai Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi Larabawa ne fatake na Gadamas da Tarabulus ta ƙasar Libiya, tun kafin mutanen Ingila su ci birnin a 1903. Waɗannan da suka zo daga baya Nasara aka fi kiransu, wato da sunan addininsu. Da suka riƙe ofisoshi sai sunan Bature ya bi kujera: Baturen gona, Baturen makaranta, har zuwa Baturen zaɓe da muke ji a rediyo yau. Mai kujerar ya koma gida, sunan ya zauna.

Su kansu masu mulkin sun sha wuya wajen rubuta wane ne wane a doka, domin a kan wannan rabo ake yanke unguwar da mutum zai zauna, da asibitin da zai kwanta, da kotun da za ta saurare shi. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta ware wa Turawa unguwa, aka so a bar fili yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai saboda zazzaɓin sauro. A nan Legas, Ikoyi ce unguwar. To, Saro, wato 'yantattun bayin da suka dawo ta Saliyo, fa? Da Aguda, 'yantattun bayin da suka dawo daga Barazil? Baƙaƙe ne, amma ba a iya jingina kowannensu ga wani sarki ba. Dole aka buɗe rukuni na uku, na ɗan Afirka da yake baƙo a Najeriya. 'Yan kasuwar Siriya da Labanon kuwa, doka ba ta ɗauke su 'yan ƙasa ba, su ma Turawan Ikoyi ba su ɗauke su nasu ba.

Wata Hajiya daga Idi-Araba kuma ta tambayi ma'anar "kama da wane ba ta wane", da ko "ruwa biyu" zagi ne.

Ranki ya daɗe, karin maganar na nufin kamanni ba ya mai da mutum ya zama wanda ya yi kama da shi. "Ruwa biyu" kuwa shi ne wanda iyayensa jinsi biyu ne, kuma ni ban ɗauke shi zagi ba, sai dai in an faɗe shi da gatse. Wanda ya kamata a kiyaye shi ne "barbarar yanyawa", wannan cin mutunci ne tsantsa.

A kan ɗan ruwa biyu ma lissafin Turawan ya wargaje a garin nan. A 1947 Ivor Cummings, jami'in ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan, ya zo Legas aiki. Haifaffen Ingila ne, mahaifiyarsa Baturiya, mahaifinsa likita ɗan Saliyo. Otal ɗin Bristol ya ga suna a takarda ya zaci farar fata ne, da ya ga mutumin sai ya hana shi ɗaki. Jaridun Legas da 'yan siyasa suka tayar da ƙura, har Gwamna Arthur Richards ya sanar da hana wariyar launin fata a irin waɗannan wurare. Asibitin Turawa ya koma asibitin Creek, unguwar Turawa kuma ta koma unguwar ma'aikatan gwamnati, wadda muke kira GRA.