Filin Amsoshinku: Bindigar famfo a gidan da akwai mata da yara

Wasiƙun wannan karo sun haɗu a kan magana ɗaya, wato bindigar famfo kalibar 12 da wasu magidanta suka fara tunanin ajiyewa saboda ɓarayin dare. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su, domin ba a tallar wanda yake da makami a ɗakinsa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Katako, ina zaune a Bukoki da iyalina. Sau biyu ɓarayi suka haura katangar maƙwabcina a daminar da ta wuce. Wani abokina ya ce in nemi bindigar famfo, wai ƙarar ɗana ta kawai tana korar ɓarawo, kuma ba sai mutum ya iya saiti ba tunda harsashinta watsuwa yake yi. Shin gaskiya ne? Kuma ta wace hanya ake mallakarta? Daga wani Alhaji, Yamai.

Amsa: Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Kafin a auna maganar abokinku, ya kamata ku san yadda bindigar take aiki. A ƙarƙashin bututunta akwai wani bututu na biyu inda harsasai suke jere, galibi 4 zuwa 7 gwargwadon tsawonsa. Mai harbi yana riƙe da mariƙin gaba, na katako ko na roba, wanda idan ya ja shi baya kwanson da aka harba yake fita, idan ya mayar da shi gaba kuma sabon harsashi yake shiga mazauninsa. Hannun mutum ne yake yin dukkan aikin, shi ya sa ba ta cika cijewa ba ko da ta sha ƙura, kuma shi ya sa ta daɗe ana yayinta. John Browning ne ya tsara Winchester ta 1897 wadda sojojin Amurka suka shiga da ita ramukan yaƙin duniya na farko. Remington 870 ta fito a 1950, an ƙera fiye da miliyan 10 nata, sannan Mossberg 500 ta biyo baya a farkon shekarun 1960. Da yawa daga waɗanda suke shigowa yammacin Afirka a yau ƙirar Turkiyya ne.

Maganar watsuwa ita ce ta fi yaudarar mutane. Faɗin bakin kalibar 12 bai wuce milimita 18 da rabi ba, kuma harsashin manyan ƙwayoyi da ake kira 00 yana ɗauke da ƙwayar dalma 8 ko 9, kowace ta ɗan haura milimita 8. Waɗannan ƙwayoyi suna fita a dunƙule, sai sun yi tafiya suke rabuwa. A tazarar mita 5, wadda ita ce tazarar ƙofar ɗaki zuwa tsakiyar gida a yawancin gidajenmu, faɗin inda suke sauka da ƙyar yake kai tafin hannu. Saboda haka mutum yana iya kuskure sarai, musamman a cikin duhu, yana cikin firgita, ga shi an ta da shi daga barci. Ƙwayar da ta kuskure kuwa ba ta tsayawa a iska. Bulon siminti da katangar laka mai kauri suna tare mafi yawanta, amma ƙofar kwano da taga da zana ba sa tare komai, kuma a unguwa irin Bukoki bayan kowace ƙofa akwai wani yana kwance. Ku tuna da watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi da ɗaukewar wuta suke fitar da kowa tsakar gida da tabarmarsa, har da na gidan maƙwabta. A irin wannan dare, filin da za ku yi harbi a cikinsa shi ne ɗakin kwanan 'ya'yanku.

Ƙarar ɗanawa kuwa tana iya korar yaron da ya shigo neman salula ko tunkiya, wannan ba a musu. Amma ga wanda ya shigo da makami, ƙarar tana gaya masa inda kuke tsaye. Akwai kuma kuskuren da masu koyar da harbi suka sani sosai: mai tsoro yakan ja mariƙin bai kai ƙarshe ba ya mayar, sai bindigar ta ƙi ɗaukar harsashi ko ta cije. Wanda bai taɓa jin yadda kalibar 12 take dukan kafaɗa ba, bai kamata ya fara saninsa da tsakar dare ba.

Game da mallaka, takarda ce take gaba, bindiga tana biye. Izinin riƙe makami a Nijar yana fitowa ne daga ma'aikatar cikin gida, bayan an binciki halin mai nema da takardar da ke nuna ba a taɓa hukunta shi ba, kuma ana rubuta lambar bindigar a kan izinin. Ku fara da komisariyar unguwarku, su gaya muku takardun da ake nema a halin yanzu. Kada ku saya daga hannun wanda ya ce zai kawo muku ita daga bakin iyaka, domin ba ku san abin da aka aikata da ita ba kafin ta iso gare ku. Ku kuma sani cewa izini ba ya wanke mai harbi. Kundin hukunta laifuffuka na ƙasar nan, wanda aka kafa a 1961 bisa tsarin na Faransa, ya amince da kare kai idan larura ce ta nan take, ya kuma ambaci korar wanda ya haura ko ya fasa gida da dare. Ɓarawon da ya riga ya juya baya yana gudu da buhun shinkafa ba ya cikin wannan larura, kuma alƙali ne zai auna, ba mai gida ba. A ganina, kuɗin bindiga da na takardunta, idan aka sa su a ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, da fitilar sola a kan katanga, da mai gadin da gidaje biyar ko shida suka haɗa hannu suke biya, sun fi maganin irin ɓarayin da kuka bayyana.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar bindigar famfo da takardarta. Ina ganin bidiyoyin Amurkawa a YouTube suna gyara tasu. Ina so in rage tsawon bututun, in cire gindin in sa mariƙi irin na ƙaramar bindiga, in ƙara mata wurin harsashi da jan haske na saiti. Wani mai walda ya ce zai iya. Me kuke gani? Daga wani matashi, Talladje.

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku. Abu na farko shi ne takardar nan ta marigayi ce, ba ta shiga rabon gado kamar yadda bindigar ta shiga. Ku sanar da hukuma, sannan wanda magada suka amince da shi ya nemi izini da sunansa, ko a miƙa bindigar.

Yanke bututu kuwa, ka fitar da shi daga ranka. Su kansu Amurkawan da kake kallo dokar ƙasarsu ta 1934 ta sa iyaka a inci 18, wato kusan santimita 46, kuma wanda ya sauka ƙasa da haka ba tare da rajista ta musamman ba laifinsa babba ne. Ingila ta fi tsanani: iyakarta inci 24 ce, kuma bayan kisan garin Hungerford na 1987 ta yi dokar 1988 wadda ta hana mai takardar farauta ta gama-gari riƙe bindigar famfo da ke ɗaukar fiye da harsashi 3. Faransa ma ta sa bindigar famfo mai santsin bututu cikin makaman da sai da izini na musamman. Dalilin iyakance tsawon bututu ɗaya ne, cewa gajeriyar bindiga tana shiga ƙarƙashin riga, kuma 'yan fashi ne suka fi buƙatar hakan. Idan jandarma ya tarar da yankakkiyar bindiga a ɗakinka, da wannan idon zai dube ka, kuma takardar da ta bayyana bindiga mai tsawo kaza ba za ta kare wadda aka sauya wa kama ba. Ban da haka, bututun an ƙera shi ne ya jure matsin albarushi, zafin walda yana sauya ƙarfin ƙarfen, kuma ranar da zai tsage fuskarka ce mafi kusa da shi. Mai waldar nan ya tsaya ga ƙofofi da tagogi.

Cire gindi ma asara ce da aka yi wa ado. Gindin ne yake raba bugun bindiga a kafaɗa, shi ne kuma yake daidaita ido da baki. Idan babu shi, bugun yana sauka a wuyan hannu, saiti ya zama kintace. Ƙarin wurin harsashi yana ƙara nauyi a gaba, jan hasken kuma yana nuna inda baki ya dosa ne kawai, ba ya nuna maka ko wane ne a wurin.

Gyaran da yake da amfani ba shi da ban sha'awa a bidiyo. Na farko haske ne fari mai ƙarfi, domin a gidajenmu wanda yake haura katanga ƙarfe 2 na dare sau da yawa ƙanen mai gida ne da ya tarar an kulle ƙofa, ko almajirin da yake kwana a zaure. Sai dai fitilar da ke manne da bindiga tana nufin duk wanda ka haska ka auna shi da baki, don haka tocila a hannu da fitilar tsakar gida su ne na fara dubawa. Na biyu gindi ne daidai tsawon hannun mai ita, da roba mai laushi a ƙarshensa. Bayan wannan sai kulawa. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin bututun, ko 70 ko 76, domin tsawon harsashin da mazaunin yake ɗauka ke nan da milimita, kuma sa na 76 a mazaunin 70 yana ta da matsi zuwa inda yake da haɗari. Mai kaɗan ake shafawa, domin idan ya yi yawa ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama laka a ciki. Harsasai kuma ba sa son zafin ɗakin kwano ko na cikin mota, ba sa son laimar watan Agusta.

Tambaya: Maigidana yana da izini, amma yana ajiye bindigar a ɗane a bayan ƙofar ɗakinsa. Ya ce ya sa makullin kunama, babu abin da zai faru. Muna da yara ƙanana kuma hankalina ba ya kwanciya. Daga wata uwargida, Tawa.

Amsa: Hajiya, gaskiya tana wurinki. A yawancin bindigogin famfo, har da Remington 870 da Mossberg 500, makullin nan ɗan maɓalli ne, kuma kunama kawai yake tarewa. Idan akwai harsashi a mazauni kuma bindigar ta faɗi da ƙarfi, tana iya tashi ba tare da kowa ya taɓa ta ba, kuma abin da aka jingina a bayan ƙofa faɗuwa yake jira. Maɓallin kansa yaro ɗan shekara 5 yana iya tura shi da yatsa. Abin da ya dace shi ne mazauni ya kasance fanko, bindigar tana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo wanda aka ɗaure da bango, harsasai a wani wurin daban, mabuɗi kuma a jikin maigida. Zai ce wannan zai ɓata masa lokaci idan ɓarawo ya shigo. Ki tuna masa cewa ɓarawo yana iya shekara goma bai zo ba, yara kuwa kullum suna shiga ɗakin, kuma bindigar da ke bayan ƙofa ita ce abu na farko da ɓarawon rana zai ɗauka idan ba kowa a gida. Akwai kuma ranar fushi, wadda babu gidan da ya fi ƙarfinta, kuma 'yan mintocin da buɗe kwaɗo yake ci suna da amfani a ranar. Idan bai saurare ki ba, ki kai maganar ga yayansa ko ga limamin da yake jin nauyinsa, su faɗa masa a matsayin shawararsu.

Tambaya: A ƙauyenmu na arewacin jihar Tawa tsoronmu masu zuwa a kan babura ne. Na sayi bindigar famfo ba takarda. Za ta kare mu? Daga wani makiyayi.

Amsa: Ɗan'uwa, ba za ta kare ku daga waɗannan ba. Manyan ƙwayoyinta suna da tasiri ne zuwa mita 30 ko 40, Kalashnikov kuwa tana kaiwa mita 300, kuma masu ita ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, kamar yadda aka gani a yankin Tillia a watan Maris na 2021 inda aka kashe mutum 137 a rana ɗaya. A yankin da sojoji suke sintiri, makami marar takarda yana iya sa a lissafa ka cikin waɗanda ake nema, ko ya kai ka gidan kaso. Tun 1994 ƙasar nan take da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma a Agadas a shekara ta 2000 an ƙona makaman da tsoffin 'yan tawaye suka miƙa a bainar jama'a. Ka je wurin mai gari ko hakiminku tukuna, ba tare da bindigar ba, shi ya sanar da jandarmomi, a sa ranar da za ka kawo ta fanko a gaban shaidu, kuma ka karɓi takardar shaidar miƙawa ka adana.