Amsa ga Anti kan maganar waifai da ciwon kan Hajiya

Assalamu alaikum, Anti ina wuni, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari muryar da kika turo a gurup, kin ce tun da aka kafa rauta, wato akwatin da ke watsa waifai, a falo Hajiya ke fama da ciwon kai da rashin barci, ita ta dage waifai ne, su kuma yara sun ce ba a isa a cire musu intanet ba saboda karatu. To ai ba sai an cire ba, da waya za a ja shi kawai, yadda ake yi a ofisoshi da kafe tun da can.

Ki aika a sayo kebul na intanet, a ce wa mai shago Cat6, ko Cat5e ma ya ishi gida, yana ɗaukar gudun gigabit 1 kuma har mita 100 yana kaiwa lafiya lau, ina gidan da ya kai haka. A bayan rautar za ki ga ramuka an rubuta LAN, nan ake soka shi, ɗaya bakin kuma a kwamfuta ko talabijin. In ramukan sun yi kaɗan sai a ƙara suwic mai rami 5 ko 8, shi ba ya watsa komai a iska, rabawa kawai yake. Daga nan a shiga saitin rautar, adireshin yana manne a gindinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a kashe waifai ɗin, kuma duka biyun fa, da wanda aka rubuta 2.4 da wanda aka rubuta 5, don mutane da yawa sai su kashe ɗaya su tafi su bar ɗaya yana ta aiki.

Amma ga inda gizo ke saƙar, Anti ki ji ni da kyau. In rautarku mai sim ce, irin wadda ake sa wa data, ko kin kashe waifai tana nan tana magana da ƙarfen sabis, don ta nan intanet ɗin ke shigowa, ba yadda za a yi ta yi shiru. In akwai faiba a unguwarku shi ne mafita, shi haske ne ke bi ta cikin zaren gilas. In babu, a ɗauke rautar daga falo a kai ta can ɗakin ƙofar gida ko sito, nesa da ɗakin Hajiya, a jawo kebul zuwa ciki, ƙarfin abin yana raguwa sosai da an ɗan matsa, in nisan ya ninka biyu sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Wayar hannu ma akwai adafta da ake soka mata a wajen caji, a haɗa da kebul ɗin, a danna alamar jirgin nan mai kashe sabis ɗin waya, WhatsApp zai yi aiki, sai dai kira na layi ba zai shigo ba, kuma ba kowace waya ke karɓa ba, a gwada a shagon kafin a biya. A duba talabijin da firinta, su ma suna da nasu waifai da Bluetooth a kunne.

Wani zai ce muku ku sayi 'yan akwatunan nan da ake sokawa a soket su bi da intanet ta wayar wutar gida, don Allah kar ku saya, ga mai gudun irin wannan abu ai an mai da wayarin ɗin gidan gaba ɗaya eriya kenan. Haka kebul mai rufin ƙarfe a ciki, sai gidan da aka yi wa atin mai kyau, wato aka haɗa wayarinsa da ƙasa, yawancin gidajenmu kuwa kin san yadda ake wayarin. A sa na talaka mara rufin ƙarfe, kawai kar mai aikin ya cusa shi a fayif ɗaya da wayar wuta.

Sai magana ta tsakani da Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani a 2005, ta ce ciwon da masu kuka da irin waɗannan na'urori ke ji gaskiya ne, ba ƙarya suke ba, amma ba a samu hujjar cewa waɗannan na'urori ne ke jawo shi ba, a gwaje-gwajen da aka yi mutanen ba sa iya gane lokacin da aka kunna da lokacin da aka kashe. Ni dai ban ga amfanin gardama da tsohuwa ba, ku ja wayar hankalinta ya kwanta, intanet ɗinku ma zai fi tsayuwa, amma a satin nan a kai ta asibiti a auna jininta a duba idanunta. Kuma ki duba min inda kuke ajiye janareta, in kusa da tagarta yake a matsar da shi yau, hayaƙinsa na sa ciwon kai har ya kan yi kisa. Ki ɗauko hoton bayan rautar ki turo min in ga ko mai sim ce.