Amsa: Tayar da Land Rover da ta daɗe a ajiye

Malam, ka ce ka samu Land Rover samfurin Series III mai injin fetur lita 2.25 da ta daɗe ba ta motsa ba, kana tambaya ko da fenti za ka fara. A'a, fara da shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin motar. Jikinta alminiyom ne, amma shasin ƙarfe ne, kuma tsatsa ta ciki take cinsa. Shiga ƙarƙashi da guduma ka ƙwanƙwasa, musamman ƙarfen baya da inda sifirin ke kamawa. Inda ya lotsa, sai walda.

Don Allah kada ka yi gaggawar murza makulli. Kwance fulogi huɗun, zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, bar shi ya kwana biyu, sannan ka juya injin da hannu. Zubar da tsohon fetur, ka wanke tanki da kafireto, saboda fetur ɗin ya riga ya zama danƙo. Man inji 20W-50, man giya da aksul EP90.

Robobin birki da tiyo kuwa, zafin Kano ya riga ya busar da su, canza duka. In za ka kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, tafi da tsohon a hannu ku gwada, saboda jabu sun yi yawa.